Rabon Tela a Jikin Doki

Shekara goma sha tara ke nan ina tsaron ƙofar bargar da ake ajiye dawakin sukuwa a bayan gari. Na ga masu dawaki iri-iri. Akwai masu zuwa a mota mai baƙin gilashi su leƙa su tafi, akwai waɗanda ba su taɓa tako ƙafarsu ba, sai dai a aika musu hoto. Amma mutum ɗaya tak na taɓa gani ya shigo da tef ɗin awo rataye a wuya, ya gaishe ni da hannu biyu, ya ce ya zo duba kashi ɗaya cikin takwas na wani doki. Tela ke nan. Mun zama abokai. Farkon labarinsa shi ya ba ni, kaɗan-kaɗan, a kan bencin bakin ƙofa. Sauran kuwa yawanci a gabana aka yi.

Mahaifinsa mai keken doki ne, yana ɗauko yashi daga bakin rafi ya kai wuraren gini. Doki ɗaya gare su, wani ja mai farin goshi, kuma Tela ne mai goge shi tun yana taka bokiti kafin hannunsa ya kai gadon baya. Da manyan motocin yashi suka yawaita, sai aikin ya yi ta ja da baya har ya tsaya. Yana da shekara goma sha ɗaya aka zo aka tafi da dokin. Ya ce mini bai riƙe fuskar wanda ya saya ba, bai riƙe abin da aka faɗa ba. Abin da ya zauna masa a ido shi ne bayan dokin, wutsiya tana kaɗawa har suka sha kwana. A cikin makon mahaifinsa ya kama hannunsa ya kai shi koyon ɗinki.

Ya yi shekara hamsin da 'yan kai a kan keken ɗinki. Shagonsa ɗan ɗaki ne tsakanin mai gyaran rediyo da Mai Aski. Keke biyu ne a ciki, da teburin yanka da ya lotsa a tsakiya, da dutsen guga mai gawayi, da ƙusa guda inda yake rataye almakashi. Ba ya rubuta awon mutane a littafi. A bango yake rubutawa da alli, layi-layi, har sai ya hau kujera. Yana kuma da wata ɗabi'a mai ba mutane haushi: ko jiya ya auna ka, in ka dawo yau da sabon yadi sai ya sake.

"Haba Tela, ai kana da awona," in ji mai yadi.

"Ina da awon wanda ya zo jiya. Ɗaga hannu."

Matarsa ce ke zama a keke na biyu, tana yin kalmasa tana saka maɓalli. Shekara arba'in suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Ba su cika magana ba, ƙarar kekunan ce hirarsu. Da ta rasu sai Tela ya rufe shago, wata biyar ƙofar tana garƙame. 'Yarsu ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, tana aiko masa da abinci daga gidan mijinta, kwano ya koma yadda ya zo.

Mai Aski ne ya fitar da shi, kusan da ƙarfi. Mutum ne mai baki, ko aska tana wuyanka sai ya ba ka dariya. Ya ce masa in bai tashi ba zai aske masa rabin gemu ya bar rabi. Ya kai shi filin sukuwa, can ƙarshen shinge inda marasa hali suke tsayawa. Da dawakin suka wuce, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafa, Tela ya kama ƙarfen shingen bai saki ba har aka tashi. A hanyar dawowa ya ce yana jin yunwa.

A shagon Mai Aski ya ji cewa wani Direba, wanda ya ajiye tuƙin manyan motoci, yana haɗa mutane su sayi doki tare. Wani mai hali ne yake rage dawakinsa, a ciki akwai ɗan shekara huɗu da bai taɓa yin abin a zo a gani ba. Tsarin shi ne kowa ya kawo kasonsa na saye, sannan duk wata a haɗa na abinci da na mai horar da shi. In doki ya ciyo wani abu a raba takwas, in ya yi ciwo ma a raba takwas. An samu mutum bakwai, saura ɗaya. Tela ya buɗe shago, ya sayar da kekensa, ya koma kan na matarsa.

Auta ta zo ta tsaya a ƙofar shagon, goyo a baya.

"Baba, doki fa aka ce mini. Ina za ka ɗaure shi? A ƙarƙashin teburin yanka?"

"Ba duka ne nawa ba, 'yar nan. Ɗaya cikin takwas."

"Wato ka sayar da keke lafiyayye ka sayi ƙafa ɗaya."

"Ƙafafun ma an riga ni," in ji shi.

Gaskiya ya faɗa mata. Ranar da aka kawo dokin barga, Tela ya makara, yana ƙarasa wandon wani. Kafin ya iso Mai Aski ya riga ya raba dokin da baki. Ya ba wani Malamin makaranta kai, tunda shi ne mai ilimin cikinsu. Ya ɗauki geza da wutsiya, ya ce duk inda gashi yake nasa ne. Direba ya ɗauki ƙafar gaba ta dama, Mai Burodi ta hagu, wasu 'yan'uwa biyu masu sayar da ƙarafa suka ɗauki ƙafafun baya. Mace ɗaya ce a cikinsu, tsohuwar Nas da suke kira Yaya, ita aka ba gadon baya.

"To ni fa?" in ji Tela da ya iso yana haki.

Mai Aski ya zagaya dokin kamar mai neman abin da ya ɓace. "Kai ma ba ka rasa ba. Ga ciki nan, duk naka ne. Ba ya gudu, ba ya ado, ci kawai ya sani. Barka da arziki, Mai Tumbi."

Tela kuwa siriri ne kamar allurarsa, shi ya sa sunan ya bi shi. Ya bar su suka gama dariya. Sannan ya ciro tef daga wuya, ya shafa dokin har ya natsu, ya zagaya tef ɗin a cikinsa.

"Inci saba'in da shida," ya ce. Ya ciro alli ya rubuta a bangon ɗakin dokin. "Tunda nawa ne, gara in san girmansa."

Daga ranar duk zuwan da zai yi sai ya auna ya rubuta. Suka sa wa dokin suna Na Kowa. Tela ya karɓi ƙyalle daga wurin kowannensu ya haɗa rigar mahayi mai launi takwas, wadda ko daga ƙarshen fili ba za ka kasa gane ta ba. Auta ba ta ƙara ɗaga zancen ba, don kwanonta ya fara komawa a wanke.

Mallakar doki a haɗe abu ne na yau daɗi gobe ɗaci. Wata biyu da saye kofatonsa ya yi ƙurji, aka yi mako shida ana gasa masa, su takwas suna zaune a bencina kamar masu jinya a asibiti. Ya warke, aka sa shi a gudu, ruwan sama ya ɓata fili aka ɗaga. Aka sake sa rana, mahayi ya faɗo daga wani dokin ya gurɗe. Tela bai taɓa ƙorafi ba. Shi dai a bar shi ya zo, ya goge Na Kowa, ya auna, ya zauna mu yi shiru tare.

Sai ranar gudunsa na farko ta zo. Motar ɗaukar dawakinmu guda ce, kuma uku take ci. Ranar sukuwa Mai Horo da ma'aikatansa biyu sukan tafi tun da asuba da dawakin da za su fara gudu, sai wajen sha biyu motar ta dawo ta kwashi na yamma. Na Kowa sabo ne, a gudun farko aka sa shi, don haka da asuba ya tafi. Ya zo na biyu cikin goma. Abin da suka samu bai taka kara ya karya ba, amma Mai Burodi ya raba burodi kyauta a layinsu, Tela kuma ya yi kwana uku yana ɗinka aljihu a juye yana warwarewa.

Saboda wannan ƙoƙarin aka ɗaga shi zuwa gudun yamma, cikin manya. Daga nan komai ya lalace. Sau huɗu yana gudu, sau huɗu abu ɗaya: ya fita kamar harsashi, ya yi gaba har kwanar ƙarshe, sai ka ga ƙafafu sun yi nauyi, ana wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Na biyar, na shida, na ƙarshe, na shida. A ranakun motsa jiki kuwa babu mai kamo shi a bargar nan. Mai Horo ya kira likitan dabbobi, bai ga komai ba. Ya ce to laifin mahayi ne, yana sakin linzami da wuri. Aka canza mahayi. Ba ta sake zani ba.

Suka yi taro a shagon Mai Aski wata rana da la'asar, Tela ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Masu ƙarafa suka ce sun gaji. Direba, wanda shi ne shugaba, ya ce ya samu mai saye daga nesa, wani mai ba da hayar dawaki ga masu yawon shaƙatawa.

"Ni na yi shekara talatin da inji," in ji shi. "Motar da take tashi lafiya ta mutu a kan tudu, rabuwa ake yi da ita. Ku matsalarku kun haɗa soyayya da harka. Kun taɓa ganina ina shafa shi ina yi masa magana?"

Sai Tela ya yi gyaran murya, shi da bai taɓa magana a taro ba.

"An taɓa tafiya da doki a gabana, ban ce komai ba, lokacin ni yaro ne. Yanzu kam zan ce. Ku ba shi gudu ɗaya."

Yaya Nas ta ce ta yarda, Mai Aski ma. Direba ya shafa gemu ya ce to, gudu ɗaya, nan da mako biyu. In bai shiga ukun farko ba, a ranar zai kira mai saye, kuma kada wanda ya roƙe shi.

Washegari Tela ya zo barga da hantsi. Bai tsaya a benci ba, ya wuce ɗakin Na Kowa. Da na ga ya daɗe sai na bi shi. Na tarar da shi tsaye ya ba dokin baya, yana kallon bango.

"Maigadi, zo ka karanta mini na saman nan, idona ba ya kaiwa."

Karatuna bai yi nisa ba, amma lamba na san ta. Na fara karantawa. Saba'in da shida, saba'in da shida, saba'in da bakwai, saba'in da shida. Can ƙasa sai ga saba'in da tara, an zagaye ta da alli.

"Wadda na zagaye ranar sukuwa ce," ya ce. "Ci gaba."

Muka bi layin har ƙasa. Duk sauran ranaku shida ne ko bakwai. Huɗu daga cikin waɗanda aka zagaye tara ne, ɗaya ma har da rabi. Ta farkon kawai, ranar da ya zo na biyu, ita ce saba'in da shida, kuma wannan a fili ya auna ta ya dawo ya rubuta.

"Shekara hamsin ina awo," in ji Tela a hankali. "Ƙugu ba ya ƙara inci uku tsakanin jiya da yau, sai in daga wurin walima mutum ya fito. Ni kuwa da nake ganin tara, murna nake yi wai rabona yana ƙaruwa." Ya juyo ya dube ni. "Wa ke zuwa nan da safe bayan Mai Horo ya tafi?"

"Masu shi," na ce.

"Hannu Rabbana suke zuwa?"

Na ce, "Kowa ya ce kada in faɗa."

"Kowa?"

"Har da kai, ɗan'uwa."

Ya sa hannu ya dafa aljihunsa. Domin shi ma duk ranar sukuwa wajen sha ɗaya yake zuwa da karas cike da leda, ya ce mini, "Tsakaninmu ne wannan."

Ga yadda abin yake. Ranar gudu Mai Horo ɗan abinci kaɗan yake ba doki da asuba, da ruwa kaɗan, don ya yi sauƙi. Na Kowa kuwa maciyi ne. Da hantsi sai ya fara haniniya yana dukan ƙofa, wanda duk ya ji sai tausayi ya kama shi. Su kuma mutanen nan ba masu dawaki ba ne na asali, masu iyali ne. Duk wanda ya taɓa tura ɗa jarrabawa ya san ba a barinsa ya fita da yunwa. Kowa yana tsammanin shi kaɗai ya tuna. Kowa da lokacinsa, daidai da aikinsa, in ma sun haɗu sai kowa ya ce gaisuwa ya zo. Ni kuma da nake buɗe musu ƙofa, a ganina ɗan abin hannu ne, ban taɓa tara su wuri ɗaya a kaina ba. Laifina ke nan, kuma na amsa shi.

"Mu gaya wa Mai Horo," na ce.

"In ya ji, zai hana mu shigowa gaba ɗaya, kuma da gaskiyarsa. In kuma na faɗa musu da baki, kowa zai ce nasa ɗan kaɗan ne. Sai sun gani da ido." Ya naɗe tef ɗin a yatsa. "Kuma ban tabbata ba tukuna. Awo ne kawai a hannuna."

Ranar sukuwa, motar farko tana fita sai ga Tela, ɗauke da babban baho na Auta a ka da kujera a hannu. Ya ajiye bahon a ƙofar ɗakin Na Kowa, inda dokin ba zai kai baki ba. Ya zazzage karas ɗinsa a ciki, ya zauna, ya ciro wata riga yana yi mata ramin maɓalli.

Mai Burodi ne ya fara zuwa, ƙarfe bakwai, da manyan burodi biyu na jiya a hammata. Ya yi turus.

"Zuba nan," in ji Tela, bai ɗago kai ba. "Nawa ma yana ciki."

"Ai ni ɗan—"

"Na sani. Nawa ma ɗan kaɗan ne. Zauna mu ga ko mu biyu ne."

Ba su biyu ba ne. Masu ƙarafa, waɗanda suka ce sun gaji, suka zo a babur, wa da damin ɗanyar ciyawa, ƙane da masara a kwano. Malam ya zo da tuffa shida a jakar littattafai. Yaya Nas ta zo da galan na ruwa, ta jiƙa sukari da gishiri a ciki, ta ce haka ake yi wa wanda zai yi gumi. Duk wanda ya zo sai kunya ta rufe shi, sannan ya leƙa bahon, sannan ya nemi wuri a benci ya zuba wa ƙofa ido. Mai Aski ya shigo yana kaɗa mataji.

"Ni dai rabona na zo tajewa."

"Me ya kumbura maka aljihu?" in ji Yaya.

"Haka aka ɗinka shi. Ki tambayi Mai Tumbi."

"Ni na ɗinka, kuma a kwance na bar shi," in ji Tela. Aka zazzage, sai ga dabino da ƙwayoyin sukari.

Duk wannan lokacin Na Kowa yana ganin bahon, yana haniniya, yana dukan ƙofa da kofato. Babu wanda abin ya fi ci wa rai kamar Tela. Sau biyu allura tana soke shi. Can na ga hannunsa ya sauka a hankali ya nufi karas ɗaya. Yaya ta buge hannun.

"Kai ka tara mu, kai za ka fara?"

"Ɗaya ne kawai, Yaya."

"Mu ma ɗaya-ɗaya muka yi."

Wajen sha ɗaya da rabi muka ji an turo ƙaramar ƙofar baya. Daga nan ba a ganin benci sai an shawo kwana. Muka ji wata murya a ƙasa-ƙasa, mai laushi.

"Ina yarona? Sun bar ka da yunwa ko? Yi haƙuri, ga Baba ya zo."

Sai ga Direba, ya rungumo bokiti cike da jiƙaƙƙiyar dusa, har tana zuba masa a riga. Ya tsaya. Mutum bakwai suna kallonsa, ni na takwas.

"Sannu da zuwa, mai inji," in ji Mai Aski. "Fetur ne a bokitin ko baƙin mai?"

Direba ya zo ya juye bokitin a baho, bai shiga duka ba. Ya tsaya yana kallon tulin: burodi, ciyawa, masara, tuffa, dabino, karas, dusa, ga galan a gefe. Dariya ta ɗauke wa kowa.

"Duk wannan yake ɗauka ya yi gudu da shi?" in ji Direba. "Kuma har ya kai kwanar ƙarshe a gaba?"

Ana haka motar ta dawo, Mai Horo ya sauko. Ya dubi bahon, ya dubi mutanen, ya dube ni. Tela ya miƙe ya nuna masa bango, ya yi masa bayani a taƙaice. Mai Horo ya kifa bokitin Direba ya zauna a kai, ya riƙe kansa.

"Na sallami mahayi a kan bahon nan," ya ce. "Mutumin da bai ji ba bai gani ba." Sannan ya dubi Tela ya ce, "Baba, auna mini shi."

Tela ya zagaya tef. Ya matso da shi kusa da ido.

"Saba'in da shida."

Wanda ke karɓata aiki ya zo da azahar, sai na bi su fili. Kowa ya san baho ba alkawari ba ne, wataƙila ma dokin iyakarsa ke nan. Direba kuma ya riga ya ba mai saye magana a kan sharaɗin, ba mutum ne mai janye bakinsa ba.

Dawaki tara ne. Aka sake su, Na Kowa ya yi gaba kamar yadda ya saba, rigar nan mai launi takwas tana sheƙi. Tela ba ya ganin nesa sosai, rigar kawai yake bi. Ya kama ƙarfen shinge da hannu ɗaya, ɗayan ya kama hannun rigata. Suka nufo kwanar ƙarshe, wurin da kullum zuciyarsu take karyewa. Wani baƙi ya wuce shi. Wani fari ya wuce shi.

"Ina muke, Maigadi?"

"Na uku."

"Yana tafiya?"

"Yana tafiya."

Sai wani ja ya taso ta waje, ya kamo wutsiya, ya kamo ciki, ya kamo kafaɗa. Na ga Na Kowa ya kwantar da kunnuwa ya miƙa wuya. Suka tafi tare kamar an ɗinke su, har suka tsallake layi. Ba wanda ya san wa ya riga. Muka juya muna kallon allon da ake ɗora lambobi. Aka ɗora ta farko, aka ɗora ta biyu. Mai ɗorawa ya tsaya yana magana da wani, kamar ba shi da abin yi. Sannan ya ɗaga tamu.

Yaya Nas ta zauna a ƙasa. Masu ƙarafa suka rungume juna. Direba ya juya baya yana share fuska da hula, yana cewa, "Wa ma ya kawo zancen sayarwar nan?"

"Ƙafar gaba ta dama ce," in ji Mai Aski.

Tela ya saki rigata, ya gyara mini inda ya yamutsa, ya ce ɗinkin hannun bai yi kyau ba, in kawo masa gobe.

A makon suka je su takwas har gida suka ba mahayin farko haƙuri, Mai Horo yana gaba. Ya dawo, kuma shi ke hawa har yau. Aka kafa doka: ranar gudu ba mai shiga da ko ƙwayar sukari, ni nake laluben aljihu, har na shugaba. Sauran ranaku kuwa kowa da tasa, an rubuta a bango kusa da awo, Mai Horo ne ke faɗin abin da za a kawo da yawansa. Mu takwas ne, ranaku bakwai, don haka masu ƙarafa suka haɗa ɗaya. Na ce mu, don Malam ya koma wurin ɗansa a wani gari, ya bar mini kasonsa a sauƙaƙe. Mai Aski ya ce bai taɓa jin inda kan doki ya tashi daga hannun malami ya koma na maigadi ba.

Shekarar da ta biyo Na Kowa ya zo na ɗaya sau ɗaya. Bayan nan ƙafarsa ta kumbura, ya yi wata biyar yana hutu, muka koma zaman jinya a benci. Yanzu ya fara fita motsa jiki, ana sa ran ya yi gudu bayan damina.

Idon Tela ya ƙara rauni, ya rage ɗinki, sai na tsofaffin abokan hulɗa. Auta ce ke rako shi da safe, ita ma ta koyi goge doki, tana yi tana mita. Shi ke zagaya tef, ni nake karanta lambar, ita ta rubuta. In aka fito da Na Kowa za a kai shi motsa jiki, Tela yakan tsaya a bakin ƙofa yana kallon bayansa, wutsiya tana kaɗawa har su sha kwana. Sai ya dawo benci ya zauna kusa da ni, ya ɗora tef a gwiwa. Ba ma magana. Bayan kamar awa ɗaya sai mu ji ƙarar kofato daga nesa, shi yake riga ni ji.

"Ga shi nan," ya ce, ya miƙe.